An Taso wa Ɗan Sanda a Gabana, Ni Kuma Ina Rataye da Bindiga: Me Ya Kamata In Yi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Yallaɓai. Ni maharbi ne, kuma ina cikin 'yan sintirin garinmu a ƙaramar hukumar Alkaleri. Ranar wata kasuwa na ga samari sun kewaye wani ɗan sanda da gorori, ɗaya daga cikinsu yana kokawar ƙwace masa bindiga. Tawa bindigar tana kafaɗata a ɗure, amma na kasa taɓa ta, har dattawa suka shiga tsakani aka janye shi da rauni a ka. Tun daga ranar abin yake damuna. Shin ragwanci na yi? Kuma a doka, ya halatta farar hula mai makami ya shiga idan ana neman hallaka ɗan sanda?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya saka maka da alheri, domin wanda bai damu da ran ɗan Adam ba ba zai kwana da wannan tambaya a zuciyarsa ba. Na yi shekara 35 ina sanye da kaki kafin in yi ritaya, kuma mafi yawan shekarun na yi su ne a sashen binciken manyan laifuka tsakanin Bauchi da Gombe, saboda haka na tsaya a gurbin wancan ɗan sandan da aka kewaye, na kuma zauna a kan tebur ina rubuta bayanin mutanen da suka yi harbi da kyakkyawar niyya sannan suka wayi gari a bayan kanta. Tambayarka a gaskiya biyu ce a haɗe: ko wajibi ne ka taimaka, da ko taimakon yana nufin ka ɗana kunama. Amsar ta farko ita ce e, ba tare da wata-wata ba. Amsar ta biyu kuwa, a mafi yawan lokuta, a'a ce, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa ba su san cewa taimakon ɗan sanda ba alfarma ba ce kawai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 99, ta ce idan ana dukan ɗan sanda ko ana neman dukansa a bakin aikinsa, aka kira mutum ya taimaka ya ƙi, to ya yi laifin da hukuncinsa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata uku ko duka biyun. Amma ka lura da abin da sashen ya nema: taimako. Bai ambaci bindiga ba, kuma bai ba kowa izinin harbi ba. Wanda ya shiga tsakani da bakinsa, ko ya janye jami'in, ko ya kira ɗauki, ya sauke nauyin da doka ta ɗora masa.

Izinin amfani da ƙarfi daga wani wuri yake zuwa. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 33, ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, sannan ya ware yanayin da ba za a ɗauki kisa a matsayin tauye wannan haƙƙi ba, ciki har da kare wani mutum daga harin da ba ya bisa doka, da sharaɗin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce abin da hali ya tilasta ba. Kundin hukunta laifuka na Final Kod da Arewa take aiki da shi tun 1960 ya yi bayanin wannan daga sashe na 59 zuwa gaba. Ya ce mutum yana da haƙƙin kare jikinsa da jikin waninsa, kuma "waninsa" ya haɗa da ɗan sanda kamar yadda ya haɗa da mai tallar gyaɗa. Sai dai ya gindaya iyakoki: ba a yarda ka yi ɓarnar da ta wuce buƙatar kariyar ba, babu wannan haƙƙi idan akwai lokacin neman hukuma, kuma ba ya kaiwa ga kisa sai inda mai hankali zai ji tsoron cewa harin zai jawo mutuwa ko mummunan rauni, ko makamantansu da dokar ta lissafa. Jihohi sun yi wa kundin gyare-gyare, lambobin sassa sukan sauya, amma waɗannan ginshiƙai suna nan daram. Malamanmu na Malikiyya ma haka suka tsara babin tunkuɗe mai kawo hari: a fara da gargaɗi idan mai ji ne, a bi daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani, kada a kai ga kisa sai an san babu abin da zai tsayar da shi sai shi.

Wanda ya wuce iyaka, ko da zuciyarsa fara ce, ba ya fita salin-alin. Idan rai ya salwanta, mafi sauƙin abin da zai same shi shi ne a tuhume shi da kisan kai wanda hukuncinsa bai kai na kisa ba, wanda zai iya kai shi ga ɗaurin rai da rai. Kuma kotunanmu suna auna wannan iyaka da tsauri ƙwarai. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga Adamawa wanda aka kai wa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soki maharin, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace makamin yana da damar tserewa. Hukuncin ya jawo muhawara mai zafi, har a cikin alƙalan akwai wanda ya saɓa, amma darasin da ke cikinsa ga mai riƙe da bindiga a fili yake: daƙiƙar da haɗarin ya kau, izininka ma ya kau, kuma alƙalin da zai auna wannan daƙiƙa zai yi shi ne a zaune cikin natsuwa bayan shekaru.

Akwai kuma maganar ita kanta bindigar. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Irin na yaƙi, kamar AK-47, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da su ba izini ɗaurinsa ba ya gaza shekara goma. Irin su bindiga mai baki biyu suna buƙatar lasisi daga Sufeto Janar, kuma rundunar ta sanar a 2023 cewa ta dakatar da bayar da sabon lasisi. Bindigar toka, wadda maharbanmu suka fi riƙewa, an bar lamarinta a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'arta su nemi bindiga a watan Yuni na 2022, shugabannin tsaro nan take suka fito suka ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Abin nufi a nan shi ne, ko da harbinka ya ceci ran jami'i, tambayar farko da mai bincike zai yi maka ita ce ina takardar bindigar, kuma ceton da ka yi ba ya goge laifin riƙe ta ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da idonka ba zai iya tabbatarwa ba

Da doka ce kaɗai matsalar, da sai in ce mai ƙarfin hali ya ɗauki kasada. Matsalar da ta fi girma ita ce wanda ya iso tsakiyar rikici bai san farkonsa ba. Ka ga mutum da kaki a ƙasa, ka ga wasu a kansa. Shin ɗan sandan gaske ne? 'Yan fashi da masu garkuwa sun sha sanya kaki su kafa shinge a hanya. Shin waɗanda ke kansa 'yan daba ne, ko jami'ai ne cikin kayan gida da suka zo kama shi? Wannan ba tatsuniya ba ce. Ranar 6 ga Agusta 2019, a hanyar Ibi zuwa Wukari nan maƙwabtanmu Taraba, sojoji suka buɗe wuta kan wata motar bas suka kashe 'yan sanda uku na rundunar Sufeto Janar ta musamman, waɗanda ke cikin kayan gida suna ɗauke da wanda suka kamo bisa zargin garkuwa da mutane. Bayanin da rundunar soja ta bayar a lokacin shi ne an kira su aka ce masu garkuwa ne suka sace mutum. Duk yadda mutum ya kalli wannan lamari, ya nuna cewa gane wane ne wane a cikin ƙura da ihu ba ƙaramin aiki ba ne ko ga masu horo da na'urar sadarwa, balle maharbin da ya shigo kasuwa sayen gishiri.

Juya abin kuma ka kalle shi ta idon ɗan sandan da ke ƙasa. Jini yana zuba a idonsa, ana jan bindigarsa, sai ya hangi wani cikin kayan gida ya ɗaga bindiga yana nufo wajen. Ta yaya zai san mai ceto ne? Abokan aikinsa da za su iso a guje cikin mota, su ma abin da za su fara gani shi ne ɗan'uwansu kwance da farar hula tsaye riƙe da makami. A watan Yuni na 2021, a garin Arvada na jihar Kolorado a Amurka, wani ɗan bindiga ya yi wa ɗan sanda kwanton ɓauna ya kashe shi. Wani mutum da ke sayayya a shago ya fito da ƙaramar bindigarsa ya harbe maharin, babu shakka ya ceci rayuka. Sai ya sunkuya ya ɗauki bindigar maharin, daidai lokacin wani ɗan sanda ya iso, ya gan shi da ita a hannu, ya harbe shi har lahira. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi jami'in ba. Wannan a ƙasar da doka ta yarda farar hula ya yawata da bindiga ke nan. Mu a nan, inda ganin bindiga a hannun wanda ba a sani ba ya isa a yanke masa hukunci, ba sai na tuna maka maharba 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa gida Sallah ba.

Sai maganar harbin kansa. Maharbi yakan ɗauka cewa tunda yana samun gada a guje to zai sami mutum, amma gada ba ta rungume da wanda kake son ceta. Wani nazari da cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta fitar a 2008 kan 'yan sandan birnin New York ya gano cewa a musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. A 2012 a birnin, 'yan sanda biyu suka harba harsashi 16 kan mutum ɗaya, 'yan kallo tara suka ji rauni. Waɗannan masu atisaye ne, da bindigar da ke fitar da harsashi ɗaya-ɗaya. Taka kuwa, idan ta toka ce ko mai baki biyu, abin da ke cikinta watsuwa yake yi, kuma iya nisan da ya yi iya faɗin da zai ci. Na taɓa binciken wata shari'a da ta yi kama da taka matuƙa: ɗan banga ya ga ana kokawa da wani kurtu a bakin tasha, ya harba daga 'yan taku kaɗan, ya sami wanda ya nufa, amma ya sami kurtun a cinya, ya kuma sami wata yarinya mai tallar fura da ke bayansu. Yarinyar ta rayu da ikon Allah, amma ba ta ƙara tafiya daidai ba. Mutumin nan yana kuka a gabana yana cewa taimako ya je yi, kuma na yarda da shi, amma yardata ba ta cikin abin da kotu ke aunawa. Ga kuma wata matsala: harbi-ka-ruga sunanta ya faɗi halinta. Bayan ka saki ɗurin nan guda, kai da ɗan sandan kun zama mutum biyu marasa kariya a tsakiyar taron da yanzu ya ga jinin ɗan garinsu.

Kada ka ce to sai in harba sama. Abin da ya hau sama zai sauko a kan wani, taro zai watse a guje a tattake yara da tsofaffi, kuma ɗan sandan ko abokansa za su iya ɗaukar ƙarar a matsayin an buɗe musu wuta su mayar da martani cikin kasuwa.

Inda harbi yake zama daidai

Ba zan yaudare ka in ce babu irin wannan yanayi ba, domin akwai, kuma wanda ya tsaya kallo a cikinsa alhali yana da iko, bai kyauta ba. A watan Janairu na 2017, a wata babbar hanya a jihar Arizona, wani mutum ya harbi ɗan sandan hanya a kafaɗa da asuba, sannan ya hau kansa yana buga kansa da kwalta. Wani direba ya tsaya, ya tambayi jami'in ko yana buƙatar taimako, jami'in ya ce e. Ya ɗauko bindigarsa, ya umarci maharin ya daina, ya ƙi, sai ya harbe shi. Rundunar ta ce ba don shi ba da jami'in bai rayu ba. Ka duba abubuwan da suka haɗu a nan: jami'i cikin kaki kusa da motarsa ta aiki, mahari guda ɗaya da ba a shakkarsa, mutuwa tana dab, babu taro a baya, babu ɗaukin da zai iso a kan lokaci, jami'in da bakinsa ya nemi taimako, an yi gargaɗi kafin harbi. Idan irin waɗannan suka cika a kan hanyar daji tsakanin Alkaleri da Futuk, ko a bakin dajin Lame-Burra, inda 'yan bindiga suka rutsa da jami'i kuma ka san su ka san shi, to doka da addini da hankali duk suna tare da kai. Idan ɗaya ko biyu daga cikinsu suka ɓace, musamman tabbacin wane ne wane da kuma abin da ke bayan wanda za ka harba, to bar yatsanka nesa da kunama.

Haka kuma lamarin ya bambanta idan kun fita sintiri tare da 'yan sanda ko sojoji, an san ku, an raba muku wuri, akwai mai ba da umarni. A nan kai ba baƙon da ya faɗo tsakiyar rikici ba ne, kuma maharban yankinku sun ba da rayukansu a irin wannan aiki, abin da duk mai adalci a Bauchi ya sani. Amsata a kan wanda ya tarar da abu ba zato ne, shi kaɗai, ba wanda ya san da zuwansa.

Taimakon da ya fi bindiga aiki

Rikicin kasuwa, ko na 'yan sara-suka a Bauchi da 'yan kalare a Gombe idan suka yi wa jami'i taron dangi, yawanci ba harsashi ke kashe wutarsa ba, fuskar da ake jin nauyi ce. Ni kaina ina raye yau ne saboda wani dattijo mahauci. Ina ƙaramin jami'i aka kewaye ni bayan wani kame da jama'a suka ga ba a yi shi daidai ba, kuma in faɗi gaskiya, suna da hujjar yin fushi. Dattijon nan ya ratsa taron yana kiran samarin da sunayensu da na iyayensu, ya yafa mini babbar rigarsa, ya tura ni cikin wani zaure ya zauna a bakin ƙofa ya ce sai dai a bi ta kansa. Akwai wuƙaƙe a rumfarsa, bai ɗauko ko ɗaya ba. Da ya zo da makami, da samarin sun sami abokin faɗa. Da ya zo da girmansa, sai suka rasa wanda za su daka. Wannan ya sa nake cewa ko ɗan sandan ne da laifi, kamar yadda yakan faru a shingayen hanya, ba a barin taro ya yanke masa hukunci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne ka hana shi zaluncin. Wanda ya raba samarin nan da ran ɗan sanda ya taimaki ɓangarorin biyu, domin ya raba su da igiyar rataya.

Saboda haka abin da nake koya wa 'yan sintiri shi ne, idan ka tarar da irin wannan, bindigarka ta zauna a rataye bakinta ƙasa, ko ka miƙa wa abokin aikinka ya ja baya da ita, domin shiga kokawa da bindiga a ɗure ba wa taro bindiga ta biyu ne. Ka ɗaga murya ka faɗi ko kai wane ne, ka kira mutane da sunansu, ka tura yaro ya kira Sarkin Kasuwa ko mai unguwa ko liman, wani kuma ya buga wa caji ofis ko lambar gaggawa ta 112. Idan za ka iya, ka sa jikinka tsakaninsu ka janye jami'in zuwa shago ko zaure. Idan bindigarsa ta faɗi, kada ka ɗauke ta a hannu kana tsaye. Ka taka ta ko ka zauna a kanta har masu ita su iso, hannuwanka a buɗe inda za a gan su. Idan ya ji rauni ka danne wurin da tsumma mai tsabta a kai shi asibiti. Dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba ta wajabta wa asibiti karɓar mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo shi da tambayoyin da ba su da dalili.

Idan kuwa ƙaddara ta sa ka yi harbi, to da zarar haɗarin ya kau ka ajiye bindigar a ƙasa, ka matsa daga gare ta, kada ka gudu, kada ka bi wanda ya tsere, kada ka taɓa komai a wurin. Ka sa ran za a tsare ka a yi bincike ko da kai ne mai gaskiya, domin an zubar da jini, kuma ka nemi lauya kafin ka sa hannu a kan kowane bayani. Ni tsohon ɗan sanda ne, ba alƙali ba, kuma kowace shari'a tana tsayawa ne a kan shaidun da aka gabatar a cikinta, don haka babu wanda zai iya yi maka alkawarin yadda taka za ta ƙare.

A kan abin da ya same ka ranar kasuwar, bisa yadda ka ba da labari, ba ragwanci ka yi ba. Akwai taro, jami'in yana manne da wanda ke kokawa da shi, dattawa suna kusa, kuma bindigarka mai watsuwa ce. Rashin taɓa ta shi ne daidai. Inda nake ganin ka rage shi ne tsayawar da ka yi, domin kai ɗan gari ne, samarin sun san ka, kuma da ka ba wani amintacce bindigar ka bi bayan dattawan nan da ƙila an janye shi kafin a fasa masa kai. Shawarata ita ce kafin wata kasuwar ta zagayo, ka sami Sarkin Bakanku da shugaban 'yan sintiri ku je wurin baturen 'yan sandan yankinku, a rubuta sunayenku da bindigoginku, jami'an da ake turowa kasuwa su san fuskokinku, ku karɓi lambar wayar da za ku kira, ku kuma yi yarjejeniya cewa ranar kasuwa ana ajiye bindigogi a ofishin sintiri a shiga da sanda da usur. Ka kuma je ka duba jami'in nan da jiki, ka gaya masa kana wurin, domin shaidarka za ta yi amfani idan maganar ta kai gaban alƙali.